Keken Jibrilla Mai Goro

Duk wanda aka haifa a unguwarmu cikin garin Isa, in dai yanzu ya isa aure, to Jibrilla ne ya raba goron sunansa. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. In an haihu ko an sa ranar ɗaurin aure, sai a kira shi, a miƙa masa ƙwaryar goro da alawa, a faɗa masa gidajen da za a kai. Ba a faɗa masa sau biyu. Sau da yawa ma shi ke tuna wa maigida wata gwaggonsa da ya manta da ita a Turba. Yau kowa da wayarsa a aljihu, amma ka gwada gayyatar dattijo ta waya kaɗai ka gani. Ranar suna za ka neme shi ka rasa, in ka yi ƙorafi ya ce shi bai ga goro ba.

Ni ce Fadima mai daddawa. Ubana da uwar Jibrilla ciki ɗaya suka fito, saboda haka taubashina ne, kuma bawana ne ko ya so ko ya ƙi. Tun muna yara abin da na ga dama nake faɗa masa, shi ma ba ya raga mini. Labarinsa za ni bayar, kuma ina faɗa tun yanzu cewa raina a ɓace yake.

Shan-inna ya taɓa Jibrilla tun yana rarrafe, ya bar masa ƙafar hagu siririya, ba ta ɗaukar nauyi. In yana tafiya da sanda, kafin ya kai bakin masallaci an sallame salla. Amma in ya hau keke, wanda bai san shi ba ba zai taɓa cewa da abin da ke damunsa ba.

Keken baƙi ne, na ƙarfe, irin na iyayenmu mai doguwar sanda a tsakiya. Fenti ya daɗe da yi masa sallama. Nauyinsa kuwa sai ka ce buhun dawa. Sirrinsa yana tayar baya. Kowane keke yana da ɗan faifai mai haƙora a can, wanda sarƙa ke ja, masu gyara suna ce masa firi. Shi ke sa mahayi ya tsayar da ƙafafunsa ya huta, keke na ta gudu abinsa. To na Jibrilla an kashe shi da walda tun da daɗewa. Muddin taya na juyawa, feda ma na juyawa, babu hutu. Sai ya ɗaure ƙafar hagu a kan feda da tsinken tsohon tub, wato robar cikin taya. Ta dama ta taka, taya ta juya, ta ɗauko ta hagun ta zagayo da ita. In zai tsaya kuma, ya ƙanƙame feda da ƙafar dama, keke ya tsaya cak.

Ba a aron keken Jibrilla sau biyu. Wani maƙwabcinmu ya taɓa matsa masa, ya hau, ya zo gangaren bayan kasuwa ya ce bari ya huta. Feda ta ɗaga shi sama ta ajiye shi cikin kayan mai tumatir. Tun daga ranar aka shafa wa Jibrilla lafiya.

Da can har Tozai da Kamarawa yake kai goro, ya dawo kafin la'asar. Da hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, mutanen ƙauyukan da dama suka tattaro suka dawo cikin gari, sai aikin nasa ya koma lungu-lungu. Nan ma keken ya fi kowane dacewa. Tsakanin awaki da kwata da masu tura ruwa, Jibrilla zai bi a hankali kamar mai tafiya da ƙafa, ya tsaya ƙofar gida ya yi sallama, ya miƙa goro, ya wuce ta gaba.

Yanzu bari in kawo wanda ya jawo mana wannan abu. Sunansa Hafizullahi, ɗan farin Jibrilla da matarsa Kande. Kowa ya san yadda muke yi da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, in magana ta kama sai a bi ta bakin wani. Uwa ma haka. Ana yaye Hafizullahi aka ba wani kawunsa shi a Sakkwato, can ya girma, can ya koyi ɗinki, can ya yi aure. In ya zo gida, ya durƙusa daga nesa ya gaida ubansa, uban ya amsa yana kallon bango. Ban ce ba sa son juna ba. Jibrilla in ya ji an ce motar Sakkwato ta iso, hular kansa ma gyara ta yake yi. Amma yaron nan bai taɓa zama ya tambayi ubansa yadda yake hawan keke da ƙafa ɗaya ba, uban kuma ba zai taɓa faɗa masa ba.

Babbar Sallar da ta wuce, farkon damina, Hafizullahi ya sauka da sabon keke a saman mota. Ja ne, yana walƙiya, ba nauyi, da yatsa biyu sai ka ɗaga shi. Ga giya hawa-hawa, ga wayoyi ko'ina. Yaro ya ga abokansa na saya wa iyayensu babura, ya ga ubansa a kan tsohon ƙarfe, abin ya dame shi. Wannan ban ga laifinsa ba. Laifinsa shi ne abin da ya yi washegari. Jibrilla ya dogara sandarsa ya tafi gaisuwar Sallah nan kusa, sai ga ɗan gwangwan ya biyo layi da kurarsa yana kiran tsohon ƙarfe. Hafizullahi ya ɗauko baƙin keken daga jikin bango ya ɗora masa, wai don kada Baba ya koma wa tsohon ya bar sabon. Kande tana tsaye tana gani. Ta buɗe baki ta rufe, don ba ta iya ce wa ɗan fari kai bari ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Ina gidan lokacin da Jibrilla ya dawo. Ya dubi bango, ya ga wayam. Ya tambayi iska, ba kowa ba, ya ce, “Ina keken?”

Kande ta faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa. Hafizullahi na durƙushe can gefe, kai a sunkuye, yana murmushi, yana jiran a yaba. Maƙwabta sun cika zaure suna shafa sabon keke suna cewa ɗa ya yi, Allah ya ba mu irinsa. Jibrilla ya juya ya dubi jan keken. Ya ce, “Madalla.”

Aka ce ya hau a gani. Ya ce yau ƙafa na yi masa tsami, sai gobe.

Ni ban tsaya madalla ba. Na ja gyale na bi ɗan gwangwan har inda suke tara kaya. Na tarar sun riga sun sa masa guduma, sun lanƙwashe shi biyu don ya shiga buhu. Na zage su tas, su da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, na dawo.

Sai da Hafizullahi ya koma Sakkwato sannan Jibrilla ya gwada. Da hantsi ne, a lungun bayan gidana, ina shanyar kalwa. Ya ɗaure ƙafar hagu kamar yadda ya saba, ya tura, ya taka ta dama har ƙasa. Fedar hagu ta hau sama ta tsaya nan tana jiran a taka ta, ƙafar da ke kanta kuwa ba ta taɓa taka komai ba tunda aka haife ta. Keke ya gangara kaɗan, ya rage gudu, ya karkata, ya kwanta da shi cikin taɓo, ƙafarsa a ɗaure. Tunda muke da Jibrilla ban taɓa ganin ya faɗi ban yi dariya ba sai ranar.

Na kwance shi, na ce, “Ba ni lambar yaron ga, yanzu za ni kiranai in gaya mai abin da yay yi.”

Ya riƙe mini hannu. “Fadima, don zumuncin da ke tsakanin uwata da ubanki, kada ki yi.”

“To a kai wanga wurin Ɗanmusa shi kashe mai firi awa wancan.”

“Ba a sa ma kyautar ɗa wuta.”

Duk da haka na je wurin Ɗanmusa, mai gyaran keken da ke bakin kasuwa, wanda ya daɗe yana duba masa tsohon. Ya ce ko Jibrilla ya yarda ba za ta yiwu ba. Sarƙar irin wannan keken ta cikin wani abu mai lilo take bi, in aka kashe firi sai ta cukurkuɗe ta kayar da mutum. Ya ce a nemi tsohon firam na ƙarfe, wato gangar jikin keke, ya haɗa masa wani kamar na da. Na kawo wa Jibrilla wannan magana da murnata. Ya ce a'a. In aka gan shi bisa wani keke, gari zai ce kyautar yaron ba ta yi ba, magana ta kai Sakkwato.

Haka ya lulluɓe jan keke da tsohon zane a zaure, ya shimfiɗa tabarma kusa da shi, ya zauna. Gero ya tsiro yana zaune. Gero ya yi kai yana zaune. Masu biki suka zo ya ce ƙafa, suka sake zuwa ya ce ƙafa, suka gaji suka nemi wasu. Mutumin da rana ba ta taɓa faɗuwa bai zaga gari ba, ya koma daga tabarma sai buta. Na yi masa hannunka-mai-sanda, na yi faɗa, na yi zagi irin na taubasai, na yi wanda ya wuce na taubasai. Na ce masa kunyar nan tasa ba ta sa shi a Aljanna, tabarma kawai za ta cinye masa gindi. Ya yi dariya ya ce baiwa ba ta yi wa ubangidanta tsawa. Na ce shi ne bawan, kuma bawan da ba ya aiki sayar da shi ake yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen gari. Kowa ya shigo zauren sai ya ɗaga zane ya leƙa ya ce kai, Jibrilla ka more ɗa. Ba wanda ya ce me ya sa ba ka hawa.

Ana cikin yankan gero jikata Sadiƙa ta haihu, ɗa namiji. Na sayi goro mai kyau, fari da ja, na jiƙa tsumma na rufe, na ɗauki ƙwaryar na dire ta gaban tabarmar Jibrilla.

Na ce, “Kai kar raba goron uwatta, kai kar raba nata. Wanga ma ba mai raba shi sai kai. In ba ka raba ba, shi ruɓe nan gabanka, a yi suna ba kowa, gari shi san dalili.”

Ya ce, “Ke dai ba ki da kirki.”

“Ban taɓa cewa ina da shi ba. Kuma in don surutun mutane na, wa ka zuwa gona da rigar Sallah? A ce jan keke na Juma'a na, wanda za a haɗa na aiki na.”

Na sha faɗa masa haka a baya bai saurara ba. Ranar dai ya dubi ƙwaryar, ya ɗaga tsumman, ya ɗauki goro ɗaya ya juya shi a hannu. Ya ce in miƙo masa sandarsa.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu haka muka yi. Bayan rumfar Ɗanmusa akwai tarin firam-firam da ya tsinta wurin 'yan gwangwan da waɗanda suka gudo daga ƙauye suka sayar da na hannunsu. Muna isa na ga Jibrilla ya canza. Ya jingina da bango, ya ce a riƙa miƙo masa ɗaya-ɗaya. Ɗanmusa ya fara kawo wani shuɗi mai sabon fenti. Jibrilla ya kankare fentin da farce daidai wuyan keken, sai ga tabon walda a ƙasa. Ya ce wannan ya taɓa karyewa, kuma inda ya karye nan zai sake. Ɗanmusa ya yi dariya ya ce shi ma ya sani, gwada shi yake ya ga ko zama ya cinye masa ido.

Kowanne aka miƙo sai ya ƙwanƙwasa shi da sifana ya kara kunne. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsawo. Wanda tsatsa ta ci ta ciki kuwa sai ya ce ƙwal ya yi shiru, in ka girgiza shi ka ji gari na zuba a cikinsa. Ya ƙi wani don sandar tsakiyarsa ta yi masa tsawo, ba zai iya ɗaga ƙafa ya haye ba. Ya ƙi wani don wurin da tayar baya ke shiga ɗan rami ne kawai. Shi mai doguwar tsaga yake so, yadda za a ja taya baya sarƙa ta ɗame, don keken da firinsa ya mutu in sarƙa ta yi sako-sako ta zame, mahayi ya shiga uku. Ni dai ina tsaye rana na dukana, ina ce masa ko matar aure ba a yi wa wannan bincike.

Can ƙasan tarin aka jawo wani kore, mummuna, kashin kaji duk ya bushe a jikinsa. Ɗanmusa ya ce na wani dattijo ne da ya taso daga Tozai. Jibrilla ya shafa mahaɗansa, inda kowace sanda ta shige cikin 'yar'uwarta kamar hannu cikin hannun riga. Ya ƙwanƙwasa, ƙarfe ya amsa. Ya ce a ba shi zare. Ya ɗaura daga wutsiya ya zagayo ta wuya ya dawo, ya duba tazarar zaren dama da hagu, ya ga daidai, ba karkata. Ya tsayar da shi a ƙasa ya gwada da ƙugunsa. Sai na ga haƙoransa, karo na farko tun Sallah.

“Wanga na,” in ji shi.

Ɗanmusa ya ajiye duk aikin da ke gabansa. Ya nemo tayoyi da kai da sirdi da kariya ta ɗora ƙwarya, ya kai firi wurin mai walda aka kashe shi. Ana jibi suna keke ya tashi. Ba kyau, amma ya tsaya da ƙafafunsa.

Da safe muka fito da shi lungun bayan gidana, ni da Ɗanmusa. Jibrilla ya haye, ya ɗaure ƙafar hagu da sabon tsinken tub. Yadda yake tashi tun da can shi ne ya tunkuɗa ƙasa da ƙafar dama da ƙarfi, keke ya ɗauka, sannan ya ɗora ta bisa feda. Ya tunkuɗa. Keke ya matsa kamar taku ɗaya ya karkata, Ɗanmusa ya tare. Ya sake. Na dubi ƙafar dama, wadda a da cinyarta kamar turmi, na ga gwiwar na rawa cikin wando. Damina guda a kan tabarma ta tafi da ita, ga shekaru.

Ɗanmusa ya kama kariya ya tura shi da gudu ya saki.

Wayyo, ku zo ku ga Jibrilla. Baya a miƙe, hula a karkace, ƙafafu biyu na zagayawa tare kamar ba abin da ya taɓa samun ɗaya. Iska ta cika masa riga. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da jikoki. Ya kai ƙarshen lungu ya yi kwana ya nufo mu. Na ga ya ƙanƙame feda zai tsaya, feda ta ƙi, ta ɗaga ƙafar ta wuce da ita. Ya sake ƙanƙamewa ta sake wucewa. Sai da Ɗanmusa ya tare kan keken da ƙirjinsa.

Jibrilla na ta haki.

Na ce, “To mi? Ka ga ka hau. A sa maka birki, a samu mai tura ka, shi ke nan.”

Ya ce, “Fadima, mai goro ƙohwa-ƙohwa ya ka tsayawa. Kowace ƙohwa in jira a tura ni? Ni da nir raba goron haihuwassu, su hito su tura ni awa jinjiri?”

“Ƙarhi na dawowa in ka dinga hawa.”

Ya dube ni yadda ake duban mai faɗin abin da ita ma ba ta yarda da shi ba. Ya sunkuya ya kwance ƙafarsa da kansa. Ya ce wa Ɗanmusa Allah ya saka, aiki ya yi kyau, keken ba shi da laifi. Ya karɓi sandarsa.

Na bi shi har gida ina faɗa, ban ma san da wa nake ba. Da yaron da ya yi kyauta bai tambaya ba, da uwar da ta tsaya tana kallo, da gari mai yabon abin da ke lulluɓe, da shi kansa wanda ya zaɓi ya zauna ya lalace a kan a ce ɗansa ya yi kuskure. Muna shiga zaure wayar Kande ta yi ƙara. Hafizullahi ne, ya kira yi mini barka. Kande ta sa a fili kowa na ji. Ya gaishe ni, ya yi addu'a ga jinjiri, sannan cikin jin kunya ya ce, “Gwaggo, ya Baba da keke? Shina jin daɗinai kuwa?”

Na ja numfashi. Maganar tana bakina, na daɗe ina dafa ta. Jibrilla bai dube ni ba, bai dubi wayar ba. Bango ya kalla, ya ce wa Kande, “Ce mai keke ya yi. Allah shi yi mai albarka, shi ba shi masu yi mai.”

Daga can Sakkwato muka ji yaron na cewa amin, amin, cike da murna.

Na ɗauki ƙwaryar goron na ɗora a kai na fita. Da ƙafata na raba shi, gida-gida, har rana ta karkata, kuma na san na tsallake wasu da shi ba zai tsallake ba. Kowace ƙofa na yi sallama, kafin a karɓi goro sai an leƙa bayana an ce, “A'a, Fadima, ke da kanki? Ina Jibrilla?”

Na ce yana gida.